A Bar wa Yara Dodonsu, In Dai Zai Kai Su ga Littafi

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce, yayata ta aiko a kira ni bayan sallar la'asar. Na same ta zaune a kan tabarma a tsakar gida, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta a kan cinyarta. Littafin na babban ɗanta ne, yaro mai shekara 14. Ta buɗe mini wani shafi inda ya zana wata halitta mai dogayen hannuwa, marar idanu, tana leƙowa daga bakin tsohuwar rijiya. A ƙarƙashin zanen ya cika shafi biyu da rubutu, yana bayanin inda halittar take kwana, da abin da take ci, da abin da take tsoro, da dalilin da ya sa ba ta fitowa sai da hunturu.

Ta ce, "Kai ne ka koya masa wannan?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Ta ce, "To, ka yi mini bayani, domin ni ban haifi ɗa don ya zauna yana kiwon dodanni ba."

Amsar da na ba ta a ranar gajeriya ce, kuma ba ta gamsar da ita ba. Na daɗe ina juya maganar a raina, har na fahimci cewa tambayar ba tata ce ita kaɗai ba. Duk uwa ko uba ko malamin makaranta da ya ga yaro ya nutsa cikin labaran ban tsoro yana da haƙƙin ya tambaya, kuma yana da haƙƙin a ba shi amsa ta gaskiya. Ra'ayina shi ne, wasan ƙaga labari da na koya wa yaron, da dodannin da ke cikinsa, yana daga cikin hanyoyi mafi ƙarfi da na taɓa gani na jawo matashi zuwa ga karatu da son ransa, kuma ya cancanci a ba shi wuri a gidaje da makarantu da ɗakunan karatu, tare da sa ido irin wanda ake yi wa kowane abu da yara ke so.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ba shi da wuyar fahimta. Ni ina kiransa wasan shiga-labari. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna kewaye da tebur, ko a kan tabarma. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi ya shirya garin da labarin zai faru, da mutanen garin, da asirin da ke ɓoye a cikinsa. Sauran kuwa kowa zai ɗauki mutum guda ya zama shi a cikin labarin, ya rubuta a takarda sunansa da sana'arsa, da abin da ya ƙware a kai da inda yake da rauni. Sai jagora ya ce, alal misali, "Kun iso ƙofar wani tsohon gida, magariba ta kawo jiki, shekara goma ke nan ba wanda ya kwana a gidan, amma ga shi kuna jin ana daka a ciki. Me za ku yi?" Wani ya ce zai leƙa ta katanga, wani ya ce zai je ya tambayi mai unguwa tarihin gidan, wani ya ce shi kam a koma sai gari ya waye. Jagora ya faɗi abin da ya biyo bayan kowane zaɓi. Idan abu ne da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, kamar tsallake katanga cikin duhu, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo ta raba gardama. Ba a sa kuɗi, ba wanda yake cinye wani, kuma ba wanda ya san ƙarshen labarin, har shi jagoran.

A Amurka aka haifi wasan a siffarsa ta yau. A shekarar 1974 wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons daga wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin. 'Yan ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, bugun farko kwafi 1,000, kowanne a kan dala 10. Dukansu biyu sun fito ne daga cikin masu wasan kwaikwayon yaƙi da 'yan sojojin roba da na dalma a kan tebur, sai suka ga cewa maimakon mutum ya ja runduna, zai fi daɗi ya zama mutum ɗaya tak, mai suna da tarihi da tsoron mutuwa. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin shi ne wani shafi a ƙarshen littafin jagora da Gygax ya fitar a 1979. A wannan shafi ya jera marubuta kusan 30 waɗanda ya ce daga littattafansu wasan ya tsiro, ya kuma shawarci 'yan wasa su nemo su su karanta. Kafin ya fara jerin ma, sai da ya ambaci mahaifinsa, wanda ya riƙa ƙago masa labarai yana ba shi tun yana ƙarami. Ashe wasan da ake gani sabon abu ne, daga bakin uba mai yi wa ɗansa tatsuniya ya faro, ya bi ta kan tarin littattafai, sannan ya sauka a kan tebur. Har yau akwai masu bin wannan jeri suna karantawa ɗaya bayan ɗaya.

Ni kaina ta ɓangaren ban tsoro na shiga. Lokacin da nake karatu a Ingila, wani abokin karatuna ya gayyace ni zama a wani ɗaki na laburaren unguwarsu, inda suke yin wani wasa mai suna Call of Cthulhu. Kamfanin Chaosium ne ya fitar da shi a 1981, Sandy Petersen ya tsara shi a kan labaran wani marubucin Amurka, H. P. Lovecraft, wanda ya rayu daga 1890 zuwa 1937. A wannan wasa ba jarumi mai takobi kake zama ba. Kana iya zama malamin jami'a, ko ɗan jarida, ko likita, ko mai sayar da tsofaffin littattafai, yawanci a shekarun 1920, kuma dodon da kake fuskanta ya fi ƙarfin bindigarka nesa ba kusa ba. Wanda ya tunkare shi da ƙarfi shi ne farkon mutuwa. Makamin da ke ceton mutum shi ne bincike. A takardar kowane ɗan wasa akwai wata ƙwarewa da aka rubuta ƙarara, wato iya amfani da laburare, kuma duk wanda ya daɗe a wasan zai gaya maka tana cikin mafiya daraja. Jagora yana miƙo wa 'yan wasa takardu na gaske a hannu: yankin tsohuwar jarida, wasiƙar wanda ya ɓata, shafin littafin ajiyar likita. Dole ka karanta da kanka, ka lura da kwanan wata, ka gano inda shaidu biyu suka saɓa wa juna.

Wannan dabara ce na kawo gida. Na tsara wa ɗan yayata da abokansa uku labari a wani ƙagaggen zango na zamanin fatake, a kan hanyar Gwanja, inda ayari guda ya sauka ya kwana, da safe aka tarar da jakuna da huhunan goro amma babu mutane. Na rubuta wasiƙa mai shafi uku da sunan madugun ayarin, na jiƙa takardar da ruwan shayi na shanya ta har ta yi kama da tsohuwa, na kuma sa layi biyu na ƙarshe da ajami. A cikin yaran akwai wanda mahaifinsa ya sha yi mini kukan cewa ba ya iya zama da littafi na minti goma. Wannan yaro na ga ya karɓe wasiƙar daga hannun 'yan'uwansa, ya matsa kusa da fitila domin an ɗauke wuta, ya karanta ta sau huɗu yana bin layi da yatsa, har ya gano cewa madugun ya ambaci rijiya biyu, alhali mai zangon ya rantse musu cewa rijiya ɗaya ce a garin. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, mutumin nan ƙarya ya yi mana." Ajamin kuwa ya gagare su a daren, sai washegari suka kai wa malaminsu na Islamiyya ya taya su warwarewa. Bayan mako guda ɗan yayata ya zo yana tambayata ina ne Gwanja, da gaske ne akwai ta, kwana nawa ake yi a hanya. Na gaya masa tana arewacin Gana ta yau, na ambata masa kasuwar Salaga, na ba shi aron littafin tarihi. Ya dawo mini da shi da alamun takarda a shafuka da yawa.

Ban ce wannan hujja ce da za a gina dokar ƙasa a kanta ba, yara huɗu ne a ɗaki ɗaya. Amma dalilin da ya sa abin ya yi aiki a fili yake. A aji, yaro yana karatu ne domin za a tambaye shi. A teburin wasa yana karatu ne domin mutumin da ya ƙaga, wanda ya raɗa wa suna ya kuma shaƙu da shi, zai halaka idan bai fahimci abin da ke rubuce ba, kuma abokansa suna jiransa. Bayan haka akwai karatun dokokin wasan, waɗanda sukan kai ɗaruruwan shafuka, da lissafin kashi cikin ɗari, da rubutun da jagora yake yi kafin kowane zama. Shafuka biyun da suka tayar wa yayata hankali su ne rubutu mafi tsawo da yaron ya taɓa yi ba tare da malami ya sa shi ba.

To, me ya sa sai dodo? Me ya hana a yi labarin noma ko na kasuwanci? Ana iya yi, kuma akwai wasannin da aka gina a kan haka. Sai dai tsoro yana da wani riƙo da babu abin da ya kai shi. Kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙago tebur. Wa ya taɓa yin barci ana tsakiyar tatsuniyar yarinyar da ta ƙi samarin garinsu duka, ta ce sai wanda ba shi da tabo a jiki, ta bi baƙo kyakkyawa zuwa daji, a hanya ya riƙa mayar da kayan aro har ya koma Dodo? Mun ji tsoro, mun matsa jikin kaka, amma ba wanda ya ce a daina. Kuma tatsuniya ta zo da shingenta. Ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", a amsa da "ta zo mu ji ta", a rufe da "ƙurunƙus", har mai bayarwa ya ƙara da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Tsakanin buɗewa da rufewa komai na iya faruwa, bayan rufewa kuwa kowa ya san an dawo duniya. Yaro ya ɗanɗana razana a wurin da babu abin da zai same shi, ya koyi yadda ake yin tunani alhali zuciya tana bugawa. Wasan shiga-labari shingensa iri ɗaya ne: a buɗe littafi, a rufe littafi. Bambancin kawai shi ne, a nan mai sauraro yana da bakin magana. Yarinyar da ke bin baƙon tana iya tsayawa ta ce, ni fa na fara zargin wannan mutum. Ɗaukar matsayin wani ma ba baƙon abu ba ne gare mu, domin wanda ya ga tashe da azumi, ko ya ji yadda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu a kalankuwa, ya san yara sun daɗe suna sa rigar da ba tasu ba don su gane yadda duniya take tafiya.

Tsoron da yayata ta ji, Amurkawa sun riga ta jinsa, kuma yadda suka yi da shi abin dubawa ne. A watan Agusta na 1979 wani ɗalibi mai shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya faɗa wa 'yan jarida zaton cewa wataƙila yaron ya ɓata ne a cikin ramukan bututun da ke ƙarƙashin jami'ar yana wasan Dungeons & Dragons. Jaridu suka ɗauka suka yayata. Bayan kamar wata guda aka same shi da rai a wata jiha mai nisa, kuma ta bayyana cewa abin da ya kore shi baƙin ciki ne mai tsanani da matsin da yake ciki, ba wasa ba. Amma labarin farko ya riga ya zauna a zukata. A 1982 wata uwa a jihar Virginia, Patricia Pulling, ta rasa ɗanta wanda ya kashe kansa. Ta ɗora laifin a kan wasan, ta kai shugaban makarantar yaron ƙara, ta kai kamfanin wasan, kotu ta kori ƙararrakin. A 1983 ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, ta riƙa yawo tana yi wa 'yan sanda da majami'u da makarantu lacca cewa ƙofa ce ta tsafi da bautar Shaiɗan. A 1985 maganar ta kai shahararren shirin talabijin na 60 Minutes. Makarantu da dama suka rufe ƙungiyoyin wasan, wasu iyaye suka ƙona littattafan 'ya'yansu, kamfanin kansa ya tsorata har ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun da ya fitar a 1989. Masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da suka duba maganar ba su gano wata alaƙa tsakanin wasan da kisan kai ba.

Ba na iya karanta labarin wannan uwa ba tare da tausayinta ya kama ni ba. Wanda ya binne ɗansa yana neman dalilin da zai riƙe, kuma littafi mai hoton dodo a bango ya fi sauƙin zargi a kan ciwon da ba a gani. Amma abin da ya faru shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Shekarun da aka ɓata ana farautar littattafai, da an yi su ana koyon gane alamun yaron da damuwa ta yi masa yawa, da sun fi amfani. Kuma yaran da aka raba da teburinsu, da yawansu irin waɗanda ba su da abokai ne a filin ƙwallo, teburin nan shi ne wuri ɗaya da ake sauraronsu. Mu ma mun taɓa bin irin wannan hanya, lokacin da aka tara littattafan hikaya na Hausa aka ƙona a bainar jama'a a Kano a 2007 bisa zargin ɓata tarbiyyar 'yan makaranta, alhali waɗannan littattafai, da mai kyau da marar kyau a cikinsu, su ne suka zaunar da dubban mata da 'yan mata a kan karatun boko da Hausa.

Duk da haka ba zan ce babu abin dubawa ba, kuma wanda ya ce babu bai yi wa iyaye adalci ba.

Na farko shi ne maganar ƙwayar da ake jefawa. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani mai tsanani a kan wasan nardi, wani tsohon wasa da ake yi da jefa ƙwaya, kuma malamai da yawa suna shigar da duk wasan da aka gina a kan jefa ƙwaya a ƙarƙashinsa, ko da babu caca. Wannan fage na malamai ne, kuma gidan da ya ɗauki wannan fatawa bai kamata a yi masa gardama ba. Abin da zan iya faɗa a matsayina na ɗan wasa shi ne, ƙwayar ba ita ce ran wasan ba. Tun 1991 aka fitar da wani wasa mai suna Amber wanda babu ƙwaya a cikinsa ko ɗaya. Akwai kuma wani na ban tsoro mai suna Dread, inda ake jera 'yan katakai a yi hasumiya, duk wanda zai yi abu mai haɗari sai ya zare ɗaya, ranar da hasumiyar ta rushe a hannunka mutuminka ya fita daga labari. A gidan yayata ƙwallayen dabino muke amfani da su. Kowa yana farawa da goma, duk abin da yake so ya yi nasara a kai sai ya biya da ƙwallo ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon wuyarsa, idan sun ƙare kuwa ya rage daga shi sai dabararsa. Na ga yaro ya riƙe ƙwallonsa na ƙarshe a tafin hannu har gumi ya jiƙa shi, yana shawarar ko ya ceci kansa ko abokinsa.

Na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Ba kowane abin tsoro ne ya dace da tebur ba. Ni ba na sa maita a wasana, ba na sa aljanu, ba na kwaikwayon bori ko boka. Aljanu al'amari ne na imani, ba kayan wasa ba. Maita kuwa zargi ne da har yau ake jefa wa mutane masu rai, yawanci tsofaffin mata marasa gata, a kore su daga gari, wani lokaci a kashe su. Idan na zaunar da yara na koya musu cewa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen unguwa ita ce asirin labarin, to na ba su darasin da zai bi su har waje bayan an rufe littafi. Dodon tatsuniya ba shi da wannan haɗari, domin ba maƙwabcin kowa ba ne. Halittar rijiyar ɗan yayata ma haka, ba ta da dangi a unguwa. Jagora nagari shi ne wanda ya san wannan iyaka, ya kuma san shekarun waɗanda ke gabansa, ya tambaye su tun farko abin da ba sa so a taɓo, ya tsaya idan ya ga tsoron wani ya wuce na jin daɗi. Lokaci ma haka, wasan da zai ci sallah ko aikin gida ko barci ya zama matsala ko da labarin waliyyai ake yi a cikinsa.

Na uku shi ne abin da ke cikin littattafan asali. Lovecraft, wanda na shigo wasan ta ƙofarsa, mutum ne mai ƙyamar baƙar fata da baƙin haure ƙyama mai muni, kuma wannan ƙyama tana nan a cikin labaransa, wani wuri a ɓoye, wani wuri a fili. Ranar da na fara cin karo da ita a shafi, na rufe littafin na daɗe ban koma ba. Dungeons & Dragons ma ya daɗe yana siffanta wasu jinsunan halittu a matsayin miyagu tun daga haihuwa, har sai da kamfanin da ke da shi yanzu, Wizards of the Coast, ya fito a 2020 ya ce zai gyara. Ina ganin maganin wannan ƙarin karatu ne, domin mai karatu ne kaɗai yake iya gane lokacin da marubuci ya ɗauki tsoronsa na mutane ya sa masa fatar dodo.

A nan ne ma nake ganin dodanni suka fi amfani, domin kowane ɗaya yana da tarihi, kuma wanda ya bi sawunsa zai tsinci kansa a tarihin mutane. Gawar nan mai tafiya da ta cika finafinai, wadda ake kira zombi, daga Haiti ta fito, ƙasar da aka gina da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka. A can asali ba ta cin kowa. Mutum ne da aka tayar daga kabari aka mayar da shi gonar rake yana aiki ba hankali ba magana, wato mafi munin abin da bawa zai iya tsoro, cewa ko mutuwa ba za ta 'yanta shi ba. Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, a wannan tsakani ne labarin ya tsallaka zuwa littattafansu da finafinansu, ya bar ma'anarsa a baya. Shi kuma dodon maƙabarta da Turawa ke kira gul, sunansa Larabci ne. A labaran Larabawan dauri halitta ce ta sahara mai sauya kama tana ɓatar da matafiya, sai da ta shiga hannun marubutan Turai, bayan Antoine Galland ya fara fitar da fassarar Dare Dubu da Ɗaya da Faransanci a 1704, sannan ta zauna a matsayin mai tonon kabari. Yaron da ya fara da tambayar yadda ake kashe zombi a wasa, idan ya sami wanda zai nuna masa hanya, zai ƙare yana karanta tarihin cinikin bayi da juyin juya halin da ya ba Haiti 'yanci a 1804. Na ga hakan ta faru a gabana.

Babban cikas gare mu shi ne harshe da tsada. Littattafan da Turanci suke, kuma da dala ake sayensu. Sai dai wasu al'ummu sun riga sun nuna yadda ake yi. Mutanen Suwidin sun fitar da nasu da harshensu a 1982, Jamusawa a 1984, kuma waɗannan wasanni suka yi ƙarfi a ƙasashensu har suka yi gogayya da na Amurka. A Japan wata mujalla ta fara buga rubutaccen bayanin zaman wasa a 1986, kalma da kalma kamar wasan kwaikwayo, mutane suka riƙa saye don karatu kawai, daga baya labarin ya zama jerin littattafan hikaya. A 2023 kuma aka saki ginshiƙin dokokin Dungeons & Dragons a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar fassarawa da bugawa. Amma ni da za a bi tawa, da ba fassara za a fara da ita ba. Muna da tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara wa 'yan makaranta a farkon shekarun 1970, muna da tarihin birane masu ganuwa da hanyoyin fatake, muna kuma da marubutan da suka iya riƙe mai karatu. Ɗan littafi mai shafi 40, da Hausa, mai dokoki masu sauƙi da labari uku na gwaji, ya isa a fara. Ɗakunan karatu na gwamnati a Amurka da Ingila da yawa suna ware yamma guda a mako don matasa su zo su yi wannan wasa, domin ma'aikatansu sun lura cewa wanda ya shigo don tebur yakan fita da littafi a hannu. Ɗakunan karatunmu da ke zaune shiru da yamma, da ƙungiyoyin adabi na makarantun sakandare, ba abin da za su kashe sai takarda da fensir da babba ɗaya mai hankali da zai zauna tare da yaran.

Yayata ba ta ce ta yarda da ni ba. Abin da ta yi shi ne ta gindaya sharuɗɗa: sai bayan sallar isha'i, kada a wuce ƙarfe goma, a tsakar gida inda take gani, kuma a sa ƙanwarsa mai shekara 12 a ciki. A zama na gaba ɗanta ne ya yi jagora karo na farko, da halittarsa ta rijiya. Muryarsa tana rawa da farko, yana yawan duba littafinsa, daga baya ya sake. Ita kuma tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da faranti tana tsintar wake, kamar ba ta ji. Yaran suka gwada toshe rijiyar da duwatsu, halittar ta fito ta wata. Suka gwada wuta, ba ta yi ba. Ƙwallayen dabino suka kusa ƙarewa, aka yi shiru, kowa yana kallon jagora.

Sai muka ji muryarta daga baya, ba ta ko ɗago kai daga farantin ba. Ta ce, "Ku tambayi mutanen garin wa ya yi mata alkawari bai cika ba. Dodon da Inna take ba mu labari bai taɓa fitowa haka kawai ba, bashinsa yake bi."

Yaron ya dubi littafinsa, ya dube ni. Babu wannan a cikin abin da ya rubuta. Ya ɗauki fensir ya ce, "Umma, tsaya, maimaita mini a hankali."